Lema a Kan Challawa

Wata uku ina tara kumfar matattun firij
a bayan shagona na Sharaɗa.
Na liƙe da gam, na naɗe da leda mai kauri,
na goge har tafin hannuna ya yi kanta.
Tasi'u mai walda ya leƙo ya ce, "Makara ce?"
Na ce allo ne, amma ba na karatu ba,
na tsayuwa ne a kan ruwa.

Ran Lahadi muka ɗaure shi a rufin adaidaita
har bakin kogi ta Panshekara.
Masu haƙar yashi suka dogara shebur a ƙugu,
direban tifa ya kashe inji don ya more kallo.
Wani ya ce, "Malam, Kano fa ba teku."
Na ce ai ga Challawa.

Hawan farko ban kai ƙirga uku ba.
Na biyu na sha ruwa ta hanci,
hulata ta yi gaba ba ko sallama.
A na bakwai gwiwa ta bar gardama,
na miƙe kamar maraƙin da aka haifa da safe,
ƙafa na rawa, haƙora na rawa,
allon ma yana tasa rawa.

Filafilina gora ce da murfin bokiti.
Na tuƙa dama, na tuƙa hagu,
kafaɗa ta ɗau zafi, gaɓa ba ta matsa ba.
Sai ga ta daga yamma,
iskar damina mai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa,
ta dafa mini ƙeya
kamar mai kaya yana neman hanya a kasuwa.

Na zaro lemar Larai mai sayar da kati,
wadda na aro da alkawarin magariba.
Fat!
Ta cika, ta ja hannuna, allon ya zabura,
ihun bakin gaɓa ya koma baya yana ƙanƙancewa.

Baba Ilu na cikin kwalekwale yana warware koma.
Bai ko ɗago sosai ba ya ce,
"Ba ta bayanka, yaro, bar yi mata musu.
Tsoma gorar nan a baya, ita ce linzami.
In ta yi fushi, durƙusa,
ba a kunyar durƙusawa."

Na bi maganarsa.
Gonakin masara suka riƙa wucewa da kansu,
warin jima daga masana'antu ya zo ya gaishe ni ya tafi,
belbelu uku suka raka ni kaɗan suka gaji.
Ba hon, ba janareto, ba mai bin bashi,
sai ɗan tsakin da ruwa ke yi a ƙarƙashin ƙafata.
Shekara ashirin ina ɗura iska a tukunyar firij
ina sayar wa mutane da awo,
yau ga ta buhu-buhu
ba wanda ya ce in biya ko kwabo,
har na ji kunyar irin wannan baiwa.

Dab da gada ta juya mini hali.
Lema ta kife ta zama kwando,
ƙarfe biyu suka karye, na durƙusa,
na tuna Baba Ilu, na yi dariya ni kaɗai,
ruwa ya ajiye ni a yashin Tamburawa.

A nan na gane abin da ban lissafa ba:
iska rakiya take yi, ba ta mayar da baƙo gida.
Takalmana suna Panshekara,
wayata na aljihun Tasi'u,
mai adaidaita ya dubi allon ya ce kuɗin mutum huɗu.
An kira magariba ina ciniki jiƙe sharkaf,
ga lemar Larai a hammata kamar karyayyar kaza.
Zan biya ta, zan sha faɗa.
Amma Lahadi mai zuwa
babbar lemar mai shayi nake nema, da kuɗin dawowa.